Izinin rubutawa da izinin gyarawa a kwamfuta: ina bambancinsu, kuma wanne ya kamata a ba ma'aikaci?

A ofisoshi da yawa na ƙasar nan, tun daga ma'aikatun magadan gari har zuwa lakwal da ƙungiyoyin manoma, kwamfuta guda ce mutum biyar ko shida ke aiki da ita. Wannan ya zauna da safe ya buga takarda, wancan ya zo da hantsi ya shigar da lissafi, da marece wani ya zo da kile USB ya kwashi abin da yake so. Ana nan ana nan, wata rana sai a nemi wani dosiye a rasa. A tambayi kowa, kowa ya ce ba shi ba ne. Aikin wata uku ya tafi, zargi kuma ya shiga tsakanin mutanen da ke cin abinci a kwano ɗaya.

Sau da yawa ba mugunta ke kawo haka ba. Hannu ne ya zame, ko kuma mutum ya ga wani fishiye bai san na mene ne ba, ya ce bari ya share wuri. Alhali kuwa Windows na da hanyar da mai kwamfuta zai tsara wa ke iya yin me a kan kowane fishiye da kowane dosiye. Ana ce ma wannan tsari izini. Daga cikin izinonin akwai guda biyu da ke rikita mutane, har da waɗanda suka daɗe a aikin. Idan kwamfutarka da Faransanci take, za ka gan su da sunan Écriture da Modification. Idan da Turancin Ingilishi take, kamar waɗanda ake sayowa daga Kano, sunansu Write da Modify. A nan za mu kira na farko izinin rubutawa, na biyu kuma izinin gyarawa.

Ga amsar a taƙaice kafin mu shiga bayani. Mai izinin rubutawa yana iya zuba sabon abu, yana iya canza abin da ke cikin fishiye, amma ba ya iya goge fishiyen. Mai izinin gyarawa yana iya duk wannan, yana karantawa, kuma yana gogewa. To sai dai gogewar nan tana da rassa da yawa da mutane ba su sani ba, kuma hana ta ba ya tsare aiki kamar yadda ake zato.

Inda izinin yake zaune

Fishiye, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma fayil, shi ne takarda guda, ko hoto, ko murya da aka ɗauka. Dosiye kuwa shi ne jakar da ake zuba su a ciki. Diskin da ke cikin kwamfutar Windows yana aiki da wani tsarin ajiya mai suna NTFS, wanda kamfanin Microsoft ya fito da shi a shekarar 1993 tare da Windows NT 3.1. A wannan tsari kowane fishiye da kowane dosiye yana ɗauke da jerin sunayen waɗanda aka yarda su taɓa shi, da irin taɓin da aka yarda kowa ya yi. Duk lokacin da ka danna wani abu, Windows na duba da wane kont ka shiga, ta duba jerin, sannan ta buɗe maka ko ta hana ka.

In kana son ganin jerin da idonka, ɗora linzami a kan dosiye, ka danna maɓallin dama, ka zaɓi Propriétés, sannan ka shiga Sécurité. A sama za ka ga sunayen mutane da rukunoni. A ƙasa za ka ga izini 6: Contrôle total, wato cikakken iko, Modification, Lecture et exécution, wato karantawa da kunna manhaja, Affichage du contenu du dossier, wato ganin sunayen abubuwan da ke cikin dosiye, Lecture, karantawa, sai Écriture.

Waɗannan shida dami ne. Idan ka danna Avancé ka kwance damin, za ka tarar da ƙananan izini 13 a ciki, kuma kowane ɗaya daga cikin shidan nan wasu ne daga cikin 13 ɗin aka ɗaure wuri guda aka ba su suna. A nan ne bambancin ke fitowa fili.

Misalin littafin bashi

Mu ɗauki mai kanti da ke da littafin bashi, yana kuma da yaran kanti. Yaro na farko an ce masa ya buɗe littafin ya duba wa ake bi nawa, amma kada ya taɓa alƙalami. Wannan shi ne mai izinin karantawa.

Na biyu an ba shi alƙalami. Zai ƙara sabon suna, zai rubuta cewa wane ya biya jika biyu, zai iya soke layi ya rubuta wani a kansa, zai iya kawo sabon littafi ya ajiye kusa da tsohon. Amma littafin a ɗaure yake da sarƙa a jikin tebur. Ba zai iya ɗauke shi ba, ba zai jefar da shi ba, ba zai canza sunan da ke bangonsa ba. Mai izinin rubutawa ke nan.

Na uku an ba shi alƙalami, an kuma kwance masa sarƙar. Yana dubawa, yana rubutawa, yana iya canza sunan bango, ya mai da littafin wani ɗaki, ko ya jefa shi a shara. Wannan shi ne mai izinin gyarawa.

Shi kuwa mai kanti, baya ga duk wannan, shi ke cewa wa za a ba alƙalami, wa za a kwance ma sarƙa. Cikakken iko ke nan. Ku riƙe misalin nan, za mu dawo kansa.

Abin da ke cikin izinin rubutawa

Ginshiƙan izinin rubutawa huɗu ne. Na ɗaya, ƙirƙirar sabon fishiye a cikin dosiye, ko rubuta sabon abu a kan abin da ke cikin fishiye. Na biyu, ƙirƙirar sabon dosiye, ko ƙara bayani a ƙarshen fishiye. Na uku da na huɗu sun shafi alamomin da ke manne da fishiye, irin su alamar Lecture seule da alamar ɓoyewa, da kuma ƙarin bayanan da wasu manhajoji ke liƙa masa.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su a nan. Na farko, karantawa ba ta cikin wannan dami. Idan aka ba mutum Écriture kaɗai, ba a haɗa masa da Lecture ba, zai iya jefa fishiye a cikin dosiye amma ba zai iya buɗe dosiyen ya ga abin da ke ciki ba. Shi ya sa a aikin yau da kullum galibi ake haɗa su biyu.

Na biyu, alamar Lecture seule ba izini ba ce. Mutane da yawa suna danna ta a Propriétés su tafi hankali kwance, wai sun kulle takarda. Duk mai izinin rubutawa yana iya cire alamar da danna guda. Haka kuma yana iya sa ma fishiye alamar ɓoyewa, a zo a duba a ga babu, alhali yana nan inda yake.

Abin da izinin gyarawa ya ƙara

Izinin gyarawa ya ɗauki 10 daga cikin ƙananan izinin nan 13. Duk abin da ke cikin karantawa da kunna manhaja yana ciki, duk abin da ke cikin rubutawa yana ciki, sannan an ƙara masa guda ɗaya da babu a sauran: gogewa. Shi ya sa idan ka danna akwatin Modification, za ka ga Windows da kanta ta cika akwatunan da ke ƙasansa.

To gogewar nan ba ta tsaya ga danna Supprimer ba. A wurin Windows, canza ma fishiye suna yana buƙatar izinin gogewa, don tsohon sunan ne za a cire daga dosiyen a sa sabo. Haka ma ɗauke fishiye daga wannan dosiye zuwa wancan, abin da ake yi da Couper da Coller: dole a cire shi daga inda yake, cirewar kuwa gogewa ce. Ke nan mai karantawa da rubutawa yana iya kwafin fishiye ya kai wani wuri, amma ba ya iya ƙaurar da shi, ba ya iya canza masa suna.

Akwai wani abin ban haushi da ke faruwa saboda haka. Ma'aikacin da ba shi da izinin gogewa zai danna ya ƙirƙiri sabon dosiye, Windows ta yarda, ta sa masa suna Nouveau dossier. Da ya je rubuta sunan da yake so sai ta ƙi. Ya sake gwadawa, a samu Nouveau dossier na biyu. Kafin a ankara wuri ya cika da su, kuma shi kansa ba zai iya share su ba.

A ɗaya ɓangaren, mai izinin gyarawa yana iya ɓatar da dosiye ba tare da ya goge shi ba. Yana jan linzami, yatsa ya danne bai sani ba, dosiye guda ya faɗa cikin na kusa da shi. Saboda haka duk ranar da aka nemi dosiye aka rasa, kafin a fara zargin juna, a buga sunansa a wurin bincike, a kuma leƙa cikin dosiyoyin da ke maƙwabtaka da shi.

Dalilin da ya sa Word ke ƙin adana aiki

Ga inda shugabannin ofis ke yawan yin tuntuɓe. Shugaba ya ji labarin bambancin nan, sai ya ce madalla, zan ba kowa karantawa da rubutawa, in hana gogewa, shi ke nan an huta. Washegari sakatare ta buɗe takarda a Word, ta yi gyara, ta danna Enregistrer, sai ga saƙon kuskure. Mai lissafi ma haka a Excel. Dosiye kuma ya fara cika da wasu fishiyoyi masu baƙin sunaye, wasu sun fara da alamar ~, wasu sun ƙare da .tmp, kuma ba mai iya cire su.

Kwamfutar ba ta lalace ba. Word ba ya rubuta gyaranka kai tsaye a kan tsohuwar takarda. Yana fara rubuta dukkan takardar a cikin wani sabon fishiye na wucin gadi. Sai ya tabbatar an gama lafiya, sannan ya kawar da tsohon, ya ba sabon sunan tsohon. Hikimar ita ce, idan kuran ya ɗauke ana tsakar adanawa, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, tsohuwar takardar ba ta lalace ba. Amma ka ga matakan ƙarshen nan biyu, kawar da tsoho da canza suna, duk izinin gogewa suke buƙata. In babu shi aikin ya tsaya a tsakiya, fishiyen wucin gadi ya maƙale a wurin.

Ke nan duk wanda aikinsa shi ne buɗe takardun Word da Excel yana gyarawa yana adanawa a inda suke, izinin gyarawa yake buƙata. Babu wata dabara a nan. Idan ba ka yarda ya goge abu a wani dosiye ba, to kada ka sa shi aiki a cikin wannan dosiyen. Ka buɗe masa nasa, abin da aka gama kuma a mai da shi wurin da karantawa kaɗai yake iya yi.

Hana gogewa ba ya tsare abin da ke ciki

Mu koma kan yaron kanti na biyu. Ba ya iya jefar da littafi, gaskiya ne. Amma alƙalami na hannunsa. Idan ya so, zai bi kowane shafi ya shafe shi da tawada. Mai kanti zai dawo ya tarar da littafinsa ɗaure a tebur da sunansa a bango, amma ba zai ƙara sanin wa yake bi ba.

Haka abin yake a kwamfuta. Mai izinin rubutawa yana iya kwafo wani fishiye mai suna iri ɗaya ya danne na asali da shi. Yana iya buɗe fishiye da ƙaramar manhaja irin Bloc-notes, wadda ke rubutu kai tsaye, ya share komi ya adana. Sunan yana nan, ciki wayam. Wannan ma ya fi gogewa muni ta wani fanni, don abin da aka goge a diskin kwamfuta yakan tafi Corbeille a iya maido shi, amma abin da aka rubuta wani a kansa ba ya zuwa can.

Irin wannan ƙofar ce birus masu garkuwa da bayanai ke bi. Su ne waɗanda ke kulle takardun mutum da lambar sirri, su ce sai ya biya kuɗi. Duniya ta san su sosai a watan Mayun 2017, lokacin da wani mai suna WannaCry ya bazu a ƙasashe sama da 150, har ya tsai da aiki a asibitoci da dama na Ingila. Idan birus irin wannan ya shiga ta kont ɗin wani ma'aikaci, da izinin ma'aikacin yake aiki. Duk inda mutumin ke iya rubutawa, birus ɗin na iya lalatawa, ko da an hana gogewa. Inda karantawa kaɗai aka ba mutumin, nan ne hannun birus ɗin ba ya kaiwa da sauƙi.

Inda izinin rubutawa ke da amfani

To in haka ne, mene ne amfaninsa? Amfaninsa shi ne yin dosiye mai kama da akwatin zaɓe: kowa na jefa nasa, ba mai ganin na wani, ba mai ciro abin da ya shiga.

A ce lakwal ce, ƙarshen zango ya zo, malamai na kawo makin ɗalibai. Darakta ba ya son malamin lissafi ya ga ko ya taɓa makin da malamin tarihi ya kawo, ba ya kuma son wani ya dawo bayan kwana biyu ya janye nasa ya sauya. Sai a buɗe dosiye guda, a ba malamai izinin rubutawa, darakta kuma ya riƙe gyarawa. Kowane malami ya yi aikinsa a nasa dosiyen, in ya gama ya jawo fishiyen ya saka a akwatin. Haka ƙungiya za ta iya yi da rahotannin da wakilanta ke kawowa daga ƙauyuka.

Sai dai akwai gyara ɗaya da ya kamata a yi. Idan aka bar izinin yadda yake, zai sauka har kan fishiyoyin da ke ciki, wato malami biyu da suka ba fishiyensu suna ɗaya, na baya zai iya danne na farko. Maganinsa a shiga Avancé, a wurin da aka rubuta S'applique à a zaɓi Ce dossier seulement. Ta haka izinin ya tsaya ga jefa sabon abu, bai shafi abin da ya riga ya shiga ba.

Akwai kuma wata hanya ta tsaka-tsaki. A cikin jerin sunaye akwai wani suna na musamman, CREATEUR PROPRIETAIRE, wanda ke nufin duk wanda ya ƙirƙiri abu. Idan aka ba wannan suna izinin gyarawa, aka ba sauran jama'a karantawa da izinin zuba sabon abu a dosiyen, to kowa zai iya gyara nasa da goge nasa, na wani kuwa sai dai ya karanta. Ga ofishin da mutane da yawa ke zuba aiki wuri guda, wannan tsari yana rage rigima ƙwarai.

A sani kuma, wanda ya ƙirƙiri fishiye shi ne mai shi a wurin Windows, kuma a tsarin da take zuwa da shi, mai abu yana iya canza izinin abinsa. Ke nan ma'aikacin da ya san hanya zai iya ba kansa gogewa a kan fishiyen da shi ya kawo. Saboda haka abin da ya shiga akwati, a riƙa kwashe shi da wuri zuwa ma'ajiyar da shugaba kaɗai ke taɓawa.

Tsakanin gyarawa da cikakken iko

Ƙananan izini uku ne suka rage waɗanda gyarawa ba ta ɗauka ba. Canza izinin kansa, wato ƙara wani ko cire wani daga jerin. Karɓe mallakar fishiye. Sai kuma ikon goge duk abin da ke cikin dosiye, har da fishiyen da aka hana mutum taɓawa shi kaɗai. Waɗannan na mai cikakken iko ne.

Ma'aikaci ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu don ya yi aikinsa. Amma da yawa, da zarar an ce musu wani abu ya ƙi buɗewa, sai su danna Contrôle total don a huta da ƙorafi. Wanda ka ba wannan, ka ba shi damar ya cire sunan abokan aikinsa daga jerin, ko ya buɗe ma wanda ba ka yarda da shi ba. Cikakken iko na mutum ɗaya ne ko biyu, masu kula da kwamfutar.

Abubuwan da ke ɓata lissafi

Ko an tsara izini daidai, akwai abubuwan da ke iya warware shi.

Na farko kuma mafi girma, kont guda ga kowa. Idan duk ofis da kont ɗaya ake shiga, lambar sirrin kuma tana rubuce a takarda an liƙa a jikin allon kwamfuta, to duk bayanin nan ba shi da amfani, don Windows ba ta ganin fuska, kont take gani. Kowa ya samu nasa, kuma ya zama kont na talaka, wanda ake ce ma standard. Mai kont na administrateur yana iya karɓe mallakar kowane fishiye ya ba kansa abin da yake so.

Na biyu, izini taruwa yake yi. Idan an ba mutum rubutawa da sunansa, amma yana cikin wani rukuni da aka ba gyarawa, to gyarawa gare shi. Kafin ka ce ka hana wani gogewa, shiga Avancé, ka je Accès effectif, ka sa sunansa, Windows za ta nuna maka ainihin abin da yake iya yi.

Na uku, akwatunan Refuser. Kusa da layin Autoriser akwai layin hanawa, kuma idan aka sa su a wuri guda hanawa ke rinjaye. Wanda ya sa Refuser a kan babban rukuni kamar Utilisateurs zai iya kulle har kansa, don shi ma yana ciki. In ba ka son ba mutum izini, ya isa ka bar akwatin Autoriser babu alama.

Na huɗu, rezo. Idan dosiyen a wata kwamfuta yake, ana shigarsa ta rezon ofis, to ƙofa biyu ce. Akwai izinin rabawa da ke ƙarƙashin Partage, akwai kuma na Sécurité da muka yi bayani, kuma wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Ga kuma abin da ya kamata kowa ya sani: fishiyen da aka goge ta rezo ba ya zuwa Corbeille, tafiya yake yi kai tsaye. Mai izinin gyarawa a dosiyen rezo ya yi hattara da maɓallin Supprimer.

Na biyar, kile USB da katin memori. Galibinsu da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, kuma waɗannan ba su san wani abu izini ba. Da zarar an kwafi fishiye zuwa kile, jerin sunayen nan ya faɗi a hanya, duk wanda kilen ya shiga hannunsa yana iya komi. Abin da aka goge a kile shi ma ba ya zuwa Corbeille. Wannan rashin tsaro na daga cikin abin da ke sauƙaƙa ma birus ɗin nan da ke ɓoye dosiyoyi ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, wanda masu zuwa sibar da wuraren buga takardu suka sani sarai. Ko a cikin kwamfutar ma, fishiyen da aka kwafa yana ɗaukar izinin sabon dosiyen da ya sauka ne, ba ya tafiya da na inda ya fito.

Ga masu aiki da Linux kuwa, tsarin daban ne. Izini uku ne a can: karantawa, rubutawa da kunnawa, babu wani mai suna gyarawa. Goge fishiye ko canza masa suna ya dogara ne da izinin rubutawa a kan dosiyen da yake ciki. Saboda haka kada a ɗauki ƙa'idar Windows a kai can.

To wanne za a ba wa?

Tsari mai sauƙi da ƙaramin ofis zai iya bi shi ne a raba ajiya gida uku. Dosiyen aiki, inda kowane ma'aikaci ko kowane sashe ke da gyarawa a kan nasa kaɗai. Dosiyen karɓa, akwatin nan, inda ake da rubutawa. Sai ma'ajiya, inda ake kai abin da aka gama, kowa na karantawa amma mutum ɗaya ko biyu ne ke iya taɓawa. Kuma gara a ba rukuni izini maimakon a bi mutane ɗaya bayan ɗaya, don idan aka yi ma wani canjin wurin aiki, cire sunansa daga rukunin ya wadatar.

Bayan an tsara, a gwada. A shiga da kont ɗin ma'aikacin, a ƙirƙiri takardar gwaji, a adana ta a Word, a gwada canza mata suna, a gwada gogewa. Minti biyar na gwaji ya fi a gano kuskure ranar da ake jiran rahoto.

Na ƙarshe, izini ba ya maido abin da ya tafi. Yana rage yawan hannuwan da ke iya yin ɓarna ne kawai, kuma ba ya hana diski mutuwa saboda zafi da ƙura, ba ya hana ɓarawo ɗauke kwamfutar. Wanda ya cire diskin ya sa a wata na'ura yana iya tsallake jerin sunayen gaba ɗaya, in dai ba a kulle diskin da lambar sirri ba, kamar yadda BitLocker ke yi. Saboda haka a riƙa kwafin muhimman takardu a wani diski na waje, aƙalla sau ɗaya a mako. In an gama a cire shi daga jikin kwamfutar, a ajiye shi a wani ɗaki daban.

Jama'a, wanda ke da kwamfuta a ofis ko a shago, gobe in ya zauna ya zaɓi dosiyen da ya fi tsoron rasawa, ya shiga Sécurité ya karanta sunayen da ke ciki. Idan ya tarar an ba Tout le monde gyarawa ko cikakken iko, to daga nan zai fara gyara.